Neman Yaya Manu a Duwatsun Mandara

Tun da na komo Birnin Kebbi ban huta da tambaya ba. Abokan aiki a makaranta su tambaya, waɗanda muke zama da su ƙofar masallaci bayan la'asar su tambaya, kowa so yake ya ji ko gaskiya ne akwai dutsen da za a yi kwana da kwanaki ana bin gindinsa bai ƙare ba. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kuma na lura in na zo inda ya fi nauyi sai in tsallake. To, ga shi nan duka, har da wurin da nake tsallakewa.

Ni malamin labarin ƙasa ne, amma asalinmu masunta ne na Argungu. Gidanmu ke riƙe da gyaran ruwan wani gurbi mai zurfi a gulbi, ana ce masa Baƙin Gurbi. Kowace shekara in ruwa ya janye, ba mai jefa homa, wato ragar kamun kifi, cikinsa sai mai gyara ya fara shiga shi kaɗai, ya nutsa, ya yi addu'o'in da ya gada, sannan ya fito ya ce wa jama'a su shiga. Daga wannan kalma ran duk wanda ya shiga yana wuyansa. Baba ke yin wannan tun ba a haife ni ba. Bara ciwon ƙirji ya kama shi, numfashinsa ya daina kai shi ƙasan ruwa. Ni kuwa tun ina ƙarami aka kai ni makarantar boko, iyona bai fi na kaza ba. Wanda aka koya wa aikin shi ne wana, Yaya Manu. In ranar buɗe ruwa ta zo babu mai shiga daga gidanmu, gyaran ya koma gidan Baffa Noma ke nan, ba ya kuma dawowa.

Yaya Manu ya daɗe da bin kamun kifi zuwa kogin Binuwai, shi da matarsa Hajo da ɗansu, kamar yadda Kabawa da yawa ke yi. Da can saƙo na zuwa, daga baya ya yanke. Sai da kaka wani masunci ya komo daga Garwa, can bakin Binuwai, ya ce ya ji Manu ya sayar da jirginsa ya hau Mandara.

Baba ya aika aka kira ni. Na iske shi zaune bisa tabarma yana tari, ya ce, "Labbo, kai da kaka koya ma yara ƙasa, ka san Mandaran ga?"

Na ce, "Na san ta, Baba. Tana ga taswira."

"To tahi ka ishe wanka. Ka ce mashi numhwashina ya gajarta, ruwa na jiran shi."

Ya sa aka ɗauko ƙunshin bandar giwan ruwa, ta Baƙin Gurbi, ya ce in kai masa ya ci ya tuna gida.

Da na ce na san ta, ba ƙarya na yi ba, amma sanin malami ne. A filin makarantarmu na gina taswirar ƙasa da yumɓu. Nakan nuna wa yara tudu, in nuna masu tsauni, in ce tsauni in ya girma ya zama dutse, duwatsu in suka jeru suka haɗa kafaɗa sun zama jeri. Nakan ƙara da abin da Baturen makaranta ya faɗa mana, cewa jeri ma yakan kama jeri har su zama sarƙa guda, irin wadda ta ratsa ƙasar Amirka tun daga kanta har ƙafarta. Duk misalina bai wuce tsaunukan Dukku da ke bayan Birnin Kebbi ba, waɗanda akuya ke hawa ta sauko kafin hantsi. Mandara kuwa a taswirata tsawonta bai fi kamu guda ba.

Na ɗauki hutu na hau mota zuwa Sakkwato bisa buhunan shinkafa, daga can wata motar ta kai ni Gusau na shiga jirgin ƙasa. Tun daga nan banda ta fara jawo mini magana. Wani tsohon Bakano mai fataucin fata da muke benci guda ya yi ta shaƙar hanci, da ya ji na buɗe baki kuma ya ce, "Haba, ai na sani. Ku mutanen yamma ko Makka za ku sai kun riƙa kifi a hammata." Na ce masa su kuma ko ranar biki ba su san miya ba sai kuka. Muka yi ta yi har Zariya, da za mu rabu ya roƙi ɓari na hana shi, ya sa mini albarka duk da haka.

Ƙaramin jirgin da ke zuwa Jos tafiyarsa kamar ta tsohuwa mai ciwon gwiwa, in ya zo hawa har mutane kan sauka su bi shi a ƙasa. Na ga duwatsu a Jos na yi murna, na zaci na ga jeri. Da na duba da kyau sai na ga ƙasa ce gaba ɗaya ta ɗaga sama ta shimfiɗu, duwatsun kuma kowa zaman kansa yake. Daga nan motoci suka yi ta miƙa ni hannu da hannu, Bauci, Gwambe, har Yola. A hanyar Gwambe taya ta fashe, muka wuni gindin tsamiya, direba na zagin yaransa muna cin rogo.

A Jimeta, bakin Binuwai, na iske 'yan'uwa Kabawa da bukkokinsu. Da suka ji harshena suka rungume ni, aka yi mini tuwon shinkafa da miyar kifi irin ta gida, na ci har na ji kunya. Amma da na ambaci Manu sai hira ta mutu. Wani dattijo cikinsu ya ce, "Yana raye. Tahi Mubi ka nemi gidan Malam Hammadu, shi ka sayen kayanai. Sauran zance ga bakinai ya kamata ka ji, ba ga namu ba." Ban matsa ba.

Muka ƙetare a jirgin fito muka miƙi arewa. Ana tafe sai na hango baƙi ya tare gabas tun daga wannan gefe har wancan, na ce wa na kusa da ni hadari ya taso da rani. Ya yi dariya ya ce duwatsu ne. Muka wuni muna tafiya suna nan hannun dama, wani ya ɓace wani ya ɗauka, babu inda za ka ce nan ɗaya ya ƙare. Na tuna kamu gudan nan na yumɓu.

Malam Hammadu Bafillace ne, mai masaukin fatake, dogo mai magana a hankali. Ya ba ni ɗaki da nono da ɗan wake, ya saurari labarina. Ya ce lalle akwai wani Bakabe da kan sauko lokaci-lokaci da ragar igiya, irin wadda ake ɗaure kayan jaki da ita, ba a taɓa ganin mai ƙulli irin nasa ba. Amma inda yake zaune bai sani ba. Na ce ai an ce Mandara. Ya ce, "Malam, in na zo ƙasarku na ce ina neman mutum a gulbi, ina za ka kai ni?" Ya bayyana mini cewa sunan nan na mutanen ƙasa ne da Turawa, masu hangowa daga nesa. Su Fulani kowane dutse da sunansa suke kiransa. Mutanen da ke bisa kuwa kowace ƙabila dutsenta kawai ta sani, da harshenta dabam, na wannan kwari ba ya jin na wancan.

Ya haɗa ni da wani mutumin dutse mai suna Zira, tsohon soja da ya yi yaƙin duniya a ƙasar Bama, yana jin Hausar bariki. Zira ya dubi takalman makarantata ya ce in tuɓe. Na ƙi. Ba mu yi nisa da hawa ba na zame na zauna daɓas, ƙunshin banda ya gangara, sai da ya bi shi ya tsamo daga cikin ƙaya. Na tuɓe na rataya su a wuya.

Hawan ya ba ni wuya ƙwarai. Duk kan da na hanga na ce shi ne ƙarshe, in mun kai sai in ga wani a bayansa ya fi shi. Zira ba ya ko haki. Ya ce waɗannan 'yan yara ne, a ƙasar Hindu ya hango waɗanda kansu fari ne fat, wani hafsa ya gaya masu jerin nan ya kama wani, wancan ya kama wani, har ƙasar Sin. Na tambaye shi ko ya taɓa bin nasu daga farko har ƙarshe. Ya ce, "Me zan je yi? Wanda ke zaune bisa dutse ba ya ganinsa duka. Ni dai na san namu, na san na waɗanda muke aure da su, na san na waɗanda muke faɗa da su."

Abin da ya fi ba ni mamaki gonakinsu. Mu a fadama ruwa ke kawo mana ƙasa har gida. Su kuwa jikin dutse suka yanka hawa-hawa, suka jera duwatsu suka tare 'yar ƙasar da ke akwai, in ruwan sama ya kwashe ta su bi ta da kwando su maido. Gidajensu ƙanana ne masu tsinin kai, manne da juna. A wani gida aka nuna mini sa cikin ɗaki, an gine ƙofa tun yana maraƙi, ta taga ake ba shi abinci, ba zai fito ba sai ranar bikinsu. Aka ba mu tuwon jar dawa da miyar wake mai kanwa. Aka miƙo giya na ce ba na sha, ba su ji haushi ba, suka kawo ruwa a 'yar ƙwarya, na ga yadda matar ke kallon kowane ɗigo. Wata tsohuwa da ta ga rawanina ta ja jikokinta ta shige ɗaki. Zira ya ce masu irin tufafina ne suka kama uwarta da yayyenta a gindin dutse, tana ɓoye tana gani. Daga nan abincin bai ƙara shiga ba.

Ranar da muka kai can ƙololuwa muka iske tarin duwatsu da wata rumfa, da ɗan sandan Faransa mai jar hula. Nan ne iyaka. Zira ya ce da Turawan biyu suka zo rabon ƙasa ba su auna komai ba, bayan dutsen suka bi: inda ruwan sama ya gangara yamma na Ingilishi ne, inda ya gangara gabas na Faransa. Akwai gidan da ɗakin miji ke wannan ƙasa, rumbunsa na waccan. Na taɓa koya wa yara cewa jerin duwatsu kan raba ruwa biyu, ban taɓa zaton zan tsaya ƙafa ɗaya nan ɗaya can ba. Ɗan sandan ya juya takardata sama da ƙasa, bai iya karanta ta ba, ya shinshina ƙunshina, ya zare rabin bandar ya ce mu wuce.

Tun da muka fara hawa Zira ke tambayar mai ragar igiya gida-gida, ana nuna mana gaba. Kaɗan bayan iyakar, a wani ɗan sarari da babu ko rafi, muka ga bukka guda irin ginin gida, da igiyoyi shanye a kan dutse. Hajo ce ta fara fitowa. Da can ba ta ganina ba ta tsokane ni ba, takan ce ga mijinta na boko mai tsoron ruwa. Wannan karon ta dube ni kawai, ta ce, "Labbo, kai na?" Ta rame, ta yi furfura. Na miƙa mata ƙunshin da murna na ce saƙon Baba ne. Tana jin warin ta mayar mini da sauri, ta ce, "Kai shi bayan dutse. Ba a shigowa da kihi gidan ga." Na duba tsakar gida ban ga yaro ba, ban ga takalmin yaro ba. Sai na gane.

Yaya Manu na zaune bayan bukka yana ƙulla raga, ƙullin homa sak, sai dai da igiyar rama. Ya tashi ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Na faɗa masa saƙon Baba yadda aka ba ni. Hannunsa ya tsaya.

Ya ce, "Sunka hwaɗa maka, can Jimeta?"

Na ce ba su faɗa ba.

"Kusa ga Garwa na. Wurin na yi mashi gyara da kaina, kamar yadda Baba yak koya man. Na nutsa, na duba, na hito. Yaron yana tsaye bakin jirgi yana jin tsoro. Ni nic ce mashi, shiga, ba komi. Da bakina." Ya ja igiya ya ɗaure. "Sai da anka kwana biyu munka gane shi."

Yaron sunan Baba gare shi. Na yi kuka a wurin, ba na ɓoyewa. Shi bai yi ba, ya ci gaba da ƙulli. Ya ce ya yi ta hawa ne har ya zo inda ruwa ba ya tsayawa, in an yi sama yanzu, an jima ya gudu, rabi nan rabi can.

Na zauna da su 'yan kwanaki. Ban yi masa wa'azi ba, don ya fi ni sanin ƙaddara. Na dai yi ta ba shi labarin tarin Baba, da yadda yake dafa bango in zai miƙe. Hajo ce ta gama aikin. Wata safiya ta ce masa, "Malam, tsohon nan bai yi maka komi ba. Ko ba ka shiga ruwa, tahi shi gan ka." Ya shiga ɗaki ya ɗauko sandarsa. Ta ce ita za ta jira tare da matan maƙwabta, ba ta iya haɗa ido da surukinta tukuna.

Muka sauko tare. A hanya har ya fara sakewa, ya yi dariyar takalman da ke wuyana, ya tambaye ni ko har yanzu ana kama giwan ruwa mai girman mutum a gurbin. Na riga na fara ganinmu muna shiga Argungu, ina gaba yana baya. A Mubi muka yi sallama da Zira da Malam Hammadu muka hau mota.

Da hantsi muka iso fiton Jimeta. Jirgi na wancan ƙetare, muka tsaya jira. 'Ya'yan masunta na ta wasa a bakin ruwa, suna hawa wani tsohon kwalekwale suna faɗawa, suna ihu. Yaya Manu ya tsaya yana kallonsu, na ga leɓensa na motsi, ashe lissafa su yake, duk wanda ya nutsa sai ya ga fitowarsa. Da jirgi ya iso mutane suka shiga, shi ya zauna bisa yashi.

Na ce, "Yaya, tashi. Ƙetarewa kawai za mu yi."

Ya ce, "Ƙetarewa ba wuya, Labbo. In na kai gida Baba ba ya cewa komi, kallona kawai zai yi, kuma sai na shiga. In hito in tsaya gaban ɗiyan mutane in ce masu ku shiga, ba komi. Wanga baki ba ya sake hwaɗin haka."

Na roƙe shi da girman Allah, na roƙe shi da darajar mahaifiyarmu da ke kabari. Mai fito ya yi ta kira har ya gaji ya tafi, ya dawo, ya sake tafiya. Da azahar Yaya Manu ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya ce in ce wa Baba ya yafe masa. Ya juya ya bi hanyar da muka fito. Na tsaya ina kallon bayansa har ya shige cikin masu jakuna, sannan na shiga jirgi ni kaɗai.

Komowa ba ni da abin faɗi a kanta. Motocin nan ne, da jirgin nan, ban yi hira da kowa ba.

Na iso Argungu saura kaɗan a buɗe ruwa. Baba na nan da ransa, an fito da shi inuwar zaure. Ya dubi bayana kafin ya dube ni. Na durƙusa na faɗa masa komai, ban rage ba, tun daga yaron har yashin Jimeta. Na zaci zai yi faɗa, ko ya yi salati ya yi shiru. Sai ya tambaye ni, "Cewa yay yi shi yac ce ma yaron shi shiga?"

Na ce haka ya ce.

Sannan ya ce, "Kahin wanka akwai wani. Ba ku san shi ba, uwarku ba ta son a tada zancen. Nan Baƙin Gurbi, shekarar da nif fara gyara. Ni ma ni nic ce mashi shi shiga." Tari ya sarƙe shi, na ba shi ruwa. "Wanshekare kakanku yak kama hannuna yas shiga da ni, ina kuka yana riƙe da ni har ƙasa. Na koya ma Manu addu'a, na koya mashi nutso, wannan ɗai na ɓoye mashi don kunya. Da ya san ni ma haka na, da ya ƙetaro."

Bai faɗi sunan yaron ba, ɗan fari ne, ni kuma ban tambaya ba. Na ce bari in koma in gaya masa. Ya girgiza kai ya ce ruwa ba ya jira, shi ma ba ya jin zai jira.

Ya sa aka ɗauko goran da yake shiga ruwa da shi, wanda ya gada wurin kakanmu. Ya shafa shi, ya miƙo mini, ya ce in kai gidan Baffa Noma, kada a aiki yaro. Na ɗauka na ratsa unguwa da rana tsaka, mutane na zaune ƙofar gidajensu suna gani, ba wanda ya ce mini komai. Baffa Noma ya fito da kansa, ya karɓa da hannu biyu.